“Ka Yi Kwafi, In Ta Lalace Ka Koma Baya”: Shawarar da Ba Ta Isa Ba

Duk wanda ya taɓa buɗe jagorar sabunta wata manhaja ya ci karo da wannan shawara, yawanci a layin farko: ka yi kwafin bayananka kafin ka fara, idan an samu matsala sai ka dawo da shi. Ban ƙi shawarar ba. Abin da nake suka shi ne yadda ake tsayawa a nan, kamar an gama magana. A kan wani nau'in rumbun bayanai da ake kira CMDB, wannan gajeriyar shawara takan sa mutum ya saki jiki a inda ya kamata ya ɗaura ɗamara.

Mene ne CMDB?

Ka ɗauki banki, ko jami'a, ko kamfanin waya. Suna da kwamfutoci, da manyan na'urorin da ake kira uwar garke, da na'urorin haɗa sadarwa, da manhajoji iri-iri. CMDB ita ce rajistar waɗannan kaya. Amfaninta ya wuce jera sunaye, domin tana riƙe da alaƙar da ke tsakaninsu: manhajar biyan albashi tana zaune kan wannan uwar garken, ita kuma tana jone da waccan na'urar, a ɗaki kaza. Idan abu ya lalace da ƙarfe biyun dare, nan injiniya zai duba ya san me ya shafi me. Sunan ya yaɗu ne ta hanyar ITIL, tsarin tafiyar da ayyukan kwamfuta da wata hukumar gwamnatin Birtaniya ta fara haɗawa a shekarun 1980. A yau akwai na saye kamar ServiceNow, akwai na kyauta kamar iTop da GLPI, da danginsu irin NetBox.

Kowace irin wannan rajista tana da abin da zan kira zubin bayanai: wane irin kaya ake rubutawa, gurbi nawa kowanne yake da shi, wane gurbi ne dole a cike, wanne ne ba a yarda a maimaita ba. Zubin nan ba ya dawwama. Yau gurbin “wuri” guda ɗaya ne, gobe a ce a raba shi uku: gini, bene, ɗaki. Sauyin kuwa ba a numfashi ɗaya ake yinsa ba. Za a buɗe sababbin gurabe, a kwashe tsofaffin bayanai a zuba, a kafa sababbin dokoki, sannan a goge tsohon gurbi. To idan aikin ya tsaya a mataki na uku fa?

Ni kaina na ɗanɗana. A ɗakin bincikenmu muna da 'yar ƙaramar rajistar na'urori, na ce bari in sa dokar hana maimaita lambar na'ura, in kuma gyara wasu gurabe a tafiya ɗaya. Ashe akwai na'urori biyu da aka rubuta wa lamba ɗaya tun kafin in zo. Aikin ya yi rabi ya tsaya. Na sake kunna shi, ya ce gurbin da yake son buɗewa ya riga ya wanzu. Na buɗe manhajar, ta ƙi, don tana neman abin da ba a kai ga ƙirƙira ba. Kwafi ina da shi. Amma ranar na gane akwai abubuwa huɗu da shawarar nan ba ta faɗa mini ba.

Na farko: ba kowane rumbu ne ke iya janye sauyin zubi ba

Rumbunan bayanai suna da wata dabara ta ƙulle ayyuka da yawa su zama ƙulli ɗaya: ko dai duka su yiwu, ko kuma a koma kamar ba a taɓa komai ba. Da ita ake tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ba tare da sun ɓace a hanya ba. Mutane da yawa suna zaton sauyin zubi ma haka yake. A PostgreSQL, wanda NetBox ke amfani da shi, yawanci haka ne. A MySQL da MariaDB, waɗanda iTop da GLPI ke zaune a kansu, ba haka ba ne. Da zarar ka ba da umarnin sauya jadawali, rumbun zai tabbatar da abin da ya gabata nan take, babu janyewa. MySQL 8.0 da ya fito a 2018 ya rage matsalar, ta yadda umarni guda ba ya tsayawa rabi da rabi. Amma idan umarni goma ne, na bakwai ya faɗi, shidan farko suna nan daram.

Masu Django, wato ginshiƙin da aka gina NetBox a kansa, sun faɗi wannan ƙarara a takardunsu: a kan MySQL, idan sauyi ya faɗi, da hannu za ka warware abin da aka riga aka yi. Wannan gaskiya ta cancanci yabo, kuma a layin farko na kowace jagora ya kamata ta zauna.

Ko a inda ake da hanyar komawa baya ma, ka kula. Idan ka goge gurbi sannan ka juya sauyin, gurbin zai dawo, amma fanko. Zubi ne ya dawo, abin da ke ciki ya tafi.

Na biyu: abu uku ne ke tafiya tare

Shawarar tana magana kamar bayanai kaɗai ake dawowa da su. Alhali akwai bayanan, akwai fayilolin da ke bayyana zubin, akwai kuma ita manhajar da ke karanta su. A iTop, misali, ana rubuta zubin a fayilolin XML, sannan manhajar ta sarrafa su ta fitar da abin da za ta yi aiki da shi. Django kuma yana da jadawali na musamman inda yake rubuta matakan sauyin da aka kammala. Idan ka dawo da bayanan jiya ka bar manhajar yau, ka haɗa tsohon kwaɗo da sabon mukulli kenan. Mafi muni shi ne lokacin da manhajar ta buɗe lafiya lau, ta ci gaba da rubutu a zubin da bai dace ba, ba wanda ya lura sai bayan mako guda.

Na uku: kwafin da ba a gwada ba

Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun bayanansu na biyu, sai ya goge na farko bisa kuskure. Daga bayanai kusan gigabait 300, kimanin 4.5 kawai suka rage. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya da yawa a rubuce. Da aka je dubawa, ma'ajiyar kwafin yau da kullum fanko ce: manhajar yin kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuma 9.6, don haka aikin yana faɗuwa ba a sani ba, saƙonnin gargaɗin ma ba sa isowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan don aikin gwaji. Dawo da shi ya ci kusan awa 18, kuma an rasa ayyuka wajen 5,000 da sababbin asusu wajen 700.

Wannan ba CMDB ba ce, kuma ba sauyin zubi ne ya jawo ba. Na kawo shi ne don kalmar “dawo da shi” da jagora ke faɗa a taƙaice, ka ga abin da ke cikinta. Ka lura kuma a kan PostgreSQL abin ya faru, don kada wani ya ɗauka zaɓen rumbu mai kyau ya wadatar.

Na huɗu: taswirar tana cikin ɗakin da ya kulle

Nan ne CMDB ta bambanta da sauran rumbuna. Ba mutane kaɗai ke rubutu a cikinta ba. Akwai ƙananan manhajoji da ke zagaya sadarwar ma'aikata suna gano na'urori suna sabunta rajistar da kansu, wasu kuma suna karantawa daga gare ta su yi aiki. Idan ba ka dakatar da su ba, suna nan suna zuba bayanai a zubin da ya karye, kai kuma kana can kana gyara. Idan ka dawo da kwafin jiya, rajistar ta koma jiya, amma na'urorin da aka sauya yau ba su koma ba.

Sannan ita ce fa abin da kake dubawa idan wani abu ya lalace. Yanzu ita ce ta lalace. Ina adireshin ma'ajiyar kwafin? A cikinta yake. Facebook ya gamu da irin wannan ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da wani umarni ya katse sadarwar cibiyoyinsa na kusan awa shida. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi bincike da su sun tafi tare da sadarwar, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu.

To me ya kamata jagora ta ce?

Idan abin ya riga ya faru, kada ka sake danna maɓallin da fatan sa'a. Ka dakatar da duk mai rubutu a rajistar, mutum ko manhaja. Ka kwafi rumbun yadda yake a karyen nan, domin yana ɗauke da bayanan da tsohon kwafi ba shi da su, kuma garin neman gira ana rasa ido. Ka karanta rahoton aikin ka gano matakin da ya faɗi da dalilinsa. Sannan ka zaɓa: ko ka gyara dalilin ka ƙarasa sauyin, ko ka dawo da abubuwa ukun nan tare. A nawa lamarin, gyara lambar na'ura ɗaya da goge gurbin da aka riga aka buɗe ya fi komawa baya sauƙi. Kowanne ka zaɓa, ka fara gwada shi a wata kwamfutar daban. A ƙarshe ka gwama rajistar da ainihin kayan da ke ƙasa.

Sauran aikin kuwa kafin ranar ake yinsa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Scott Ambler da Pramod Sadalage, a littafinsu na 2006 kan gyaran zubin rumbunan bayanai, sun ba da shawarar barin tsoho da sabo su zauna tare na wani lokaci. Ka buɗe sabon gurbi, ka kwafi bayanai, ka bar tsohon a wurinsa har sai ka tabbata ba mai buƙatarsa, sannan ka goge shi a wani aikin daban. Ka gwada sauyin a kan kwafin ainihin bayananka, da duk dattinsu, domin irin maimaitacciyar lambar nan tawa ba ta fitowa a bayanan gwaji masu tsafta. Ka ajiye 'yar takarda a wajen rajistar mai ɗauke da inda kwafi yake da yadda ake dawo da shi.

Za ka iya cewa wannan ya yi yawa ga ƙaramar ma'aikata mai ma'aikacin kwamfuta ɗaya. Gaskiya ne ba kowa ke da na'urar gwaji ta musamman ba. Amma tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa. Ka dawo da kwafinka a kanta, ka buɗe manhajar, ka duba agogo ka ga minti nawa ya ɗauka. Idan ba ka taɓa yin haka ba, ka ɗage sauyin da ka shirya yi har sai ka yi.