Sharhin Fim: Mutumin Ƙanƙara da Labarin da Aka Ɗora Masa

Makon jiya bayan sallar isha'i wasu matasan unguwarmu suka ce lallai sai na zo na ga wani fim, wai labarin gaskiya ne. Muka zauna muka kalla har ƙarshe. Da za mu tashi sai ɗayansu ya girgiza kai ya ce, "Ashe dai ramuwar gayya ce ta ci mutumin nan." Na ce masa wa ya gaya maka? Ya ce, "Haba Malam, ai ga shi mun gani da idonmu." Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sunan fim ɗin Iceman, wato mutumin ƙanƙara. Bajamushe Felix Randau ne ya shirya shi a 2017, Jürgen Vogel kuma ya fito a matsayin jarumin. An gina shi ne a kan wata gawa ta gaske. Ranar 19 ga Satumba 1991 wasu Jamusawa mata da miji, Erika da Helmut Simon, suna yawon hawan dutse a tsaunukan Alps, kan iyakar Ostiriya da Italiya, sai suka ga gawar mutum ta leƙo daga cikin ƙanƙarar da ke narkewa, a tudu mai tsayin mita 3,210. Da farko an zaci wani mai hawan dutse ne da ya ɓata ba da jimawa ba. Da aka auna sai aka ga ya kai shekara 5,300 da mutuwa. Aka sa masa suna Otzi, daga sunan yankin Otztal. Shekarunsa kamar 45, tsayinsa kamar mita 1.6. A gefensa akwai gatari na jan ƙarfe, da wuƙar dutse, da bakan da bai gama sassaƙawa ba, da kwari mai kibau 14 waɗanda biyu kawai ke shirye don harbi. Tun 1998 gawar tana gidan tarihi na garin Bolzano a Italiya.

A fim ɗin an ba shi suna Kelab, shugaban wani ɗan ƙauye. Ya tafi farauta, wasu mutum uku suka afka wa ƙauyen, suka kashe iyalinsa, suka ƙone bukkoki, suka sace wani abin bautarsu da suke kira Tineka. Jariri ɗaya ya tsira. Kelab ya ɗauki jaririn ya bi sawun maharan, ya yi ta zubar da jini, a ƙarshe shi ma kibiya ta same shi ta baya.

Gaskiya akwai abin yabo. Tufafin fata, hular fatar dabba, takalman da aka cusa wa ciyawa, gatarin, duk an bi abin da aka tono. 'Yan wasan suna magana da wani harshe da aka ƙera daga tsohon harshen yankin, kuma ba a sa fassara a ƙasan hoto ba. Na zaci hakan zai gundure mu, sai ga shi fuskar Vogel kaɗai ta isar da saƙo. Matasan nan da ba sa jin Jamusanci ba su rasa komai ba. Sanyi da wahalar hawan dutse kuwa har a jikinka kake jin su.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce ƙwarewar da aka yi wajen kayan jiki ta sa mai kallo ya ɗauka labarin ma haka aka tono shi. Alhali duk wanda ya bi tarihin binciken gawar nan ya san masana sun sha yin magana su dawo su janye ta.

Da farko cewa aka yi guguwar sanyi ce ta rutsa da shi. Sai Konrad Spindler na jami'ar Innsbruck, masanin da ya fara nazarin gawar, ya kawo nasa bayanin a littafinsa na 1993: wai an kai wa ƙauyen mutumin hari a lokacin kaka, ya gudo da karyayyen haƙarƙari, ya hau dutse ya ƙarasa a can. Labarin ya yi daɗi, ya bazu. Daga baya aka samu ƙurar furen wata bishiya a hanjinsa, wadda ba ta fure sai a ƙarshen bazarar Turai, aka gane ba a kaka ya mutu ba. Karayar haƙarƙarin ma aka ga ba ta kwanakinsa na ƙarshe ba ce.

Shekara goma cur ana juya gawar nan ba wanda ya lura da babbar shaida. Sai a 2001 wani likitan hoto a Bolzano, Paul Gostner, ya hango kan kibiya na dutse maƙale a kafaɗarsa ta hagu. A 2007 hoton na'ura ya nuna kibiyar ta tsaga babbar jijiyar jini da ke ƙarƙashin ƙashin wuya, irin raunin da ke zubar da jinin mutum cikin ɗan lokaci. An kuma ga yanka mai zurfi a hannunsa na dama, tsakanin babban yatsa da manuniya, wanda ya fara warkewa, alamar ya yi faɗa kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Akwai rauni a kansa, amma har yau ana ja-in-ja ko duka ne ko faɗuwa.

Shaidu biyu ne suka fi ɗaukar hankalina. Na farko cikinsa. An same shi cike da kitsen akuyar dutse, da naman wata irin barewa ta ƙasarsu, da wata tsohuwar alkama. Ya zauna ya ƙoshi jim kaɗan kafin a harbe shi. Wanda ya san ana bin sa a guje ba ya shimfiɗa ya ci ya yi nak. Na biyu gatarin. A zamanin nan jan ƙarfe dukiya ce babba, an ma gano na gatarin daga yankin Tuskani da ke can kudu ya fito, amma maharbin ya tafi ya bar shi. Wannan ya sa wani ƙwararren ɗan sandan Munich, Alexander Horn, da gidan tarihin ya gayyata ya duba lamarin, ya ce ba fashi ba ne. A ganinsa an lallaɓo ne an harbe shi daga nisan kamar mita 30, kuma mai yiwuwa gaba ce da ta samo asali daga faɗan baya.

Kun ga ke nan mai fim bai yi nisa da hasashen Horn ba. Amma shi Horn cewa ya yi "mai yiwuwa", fim kuwa ba shi da wurin ajiye wannan kalmar. Ƙone ƙauye, kashe iyali, jariri, Tineka, babu ko ɗaya da ke da shaida a jikin gawar ko a kayanta. Harin ƙauyen ma ya fi kama da tsohon bayanin Spindler, wanda ginshiƙansa suka riga suka zube.

Sannan akwai ra'ayoyin da fim ɗin bai ko leƙa ba. A 2010 Alessandro Vanzetti da abokan aikinsa sun ce wataƙila a ƙasa ya mutu, danginsa suka hau da shi suka binne shi da kayansa, kodayake masana da yawa ba su yarda ba. Johan Reinhard ya kawo yiwuwar hadaya aka yi da shi. A 2022 Lars Pilø da wasu suka ce a kan dusar ƙanƙara ya mutu, narkewa ce ta gangara da shi cikin ramin da aka same shi, kuma ya sha buɗewa yana rufewa kafin ƙanƙara ta binne shi gaba ɗaya. Hatta kamanninsa sun canza: binciken ƙwayoyin halittarsa na 2023 ya nuna fatarsa ta fi duhu fiye da yadda ake zana shi, kuma da alama mai sanƙo ne. Wannan kam ba laifin Randau ba ne, tunda bayan fim ɗin aka gano.

Wani zai ce ai fim ne, mai fim yana da damar ƙirƙira. Na yarda. Randau bai rantse cewa haka aka yi ba. Damuwata tana wajen mai kallo, musamman mu. Mu da muke zaman baƙunta nesa da gida mun fi kowa sanin abin da ke biyo bayan an tsinci gawa. Kafin a ɗauke ta, an riga an san wanda ya kashe, da ƙabilarsa, da dalilinsa, kuma kowa zai ce maka "an gani". Kafin gari ya waye an rufe kasuwa, an kwashe mata da yara. Ga gawa guda da manyan likitoci suka shafe sama da shekara talatin suna dubawa da na'urori, abin da suka iya tsayawa a kai bai wuce wannan ba: an harbe shi ta baya, ya yi faɗa kafin nan, ya ci abinci, an bar masa gatarinsa. Wanda ya harba da dalilinsa, babu wanda ya iya faɗa.

Shawarata, manya su kalli fim ɗin, ya cancanci lokacinku. Amma a raba yara da shi, don akwai kisa da cin zarafin mata a fili. In kuma kun kalla tare da matasa, ku tsaya bayan an gama ku tambaye su abin da na tambayi nawa: a cikin duk abin da muka gani, wanne aka samu a jikin gawar, wanne mai fim ya ƙara? Nawa dai sun yi shiru na ɗan lokaci, sannan ɗayansu ya ce, "Kibiyar ce kawai ke nan, Malam." Na ce da gatarin, da yankan hannun, da abincin. Sauran a bar wa Allah sani.