Giwa Mai Fiffike: Waiwaye Kan Kiɗan Osibisa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce so hana ganin laifi. Wannan karin magana shi ne babban tarkon da ke gaban duk wanda ya zauna zai yi tarken kiɗan da ya tashi yana ji. A garin Potiskum, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai dattawan da har yau in aka ambaci Osibisa sai fuskarsu ta washe, su tuna zamanin faifan garmaho da kaset. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan ƙauna: shin kiɗan ne ya cancance ta, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kurum? Sa'annan a duba abin da makaɗan Hausa na yau za su iya tsinta daga ciki.

Su Wane Ne Osibisa?

An kafa ƙungiyar a birnin Landan cikin shekarar 1969. Jagoranta shi ne Teddy Osei, haifaffen Kumasi, mai busa saksafon da sarewa. Tare da shi akwai ƙanensa Mac Tontoh mai busa ƙaho, da Sol Amarfio mai ganguna, dukkansu mutanen Gana. Daga Nijeriya akwai Lasisi Amao. Sauran ukun daga tsibiran Karebiyan suka fito: Wendell Richardson na Antigua mai jita, Robert Bailey na Trinidad mai fiyano, da Spartacus R na Grenada mai jitar bes. A 1971 suka fitar da faifai biyu, Osibisa da Woyaya, waɗanda Tony Visconti ya tsara ɗaukarsu, Roger Dean kuma ya zana bangonsu da hoton giwa mai fiffike. Sun halarci bikin FESTAC na 1977 a Legas, sun kuma yi wasa a bukukuwan samun 'yancin Zimbabuwe a 1980.

Inda Ƙarfin Kiɗan Yake

A kiɗan rok na Turawa jita ce sarauniya, ganga kuwa baiwa ce mai riƙe mata taki. Osibisa sun juya wannan tsari. A wurinsu ganguna ne ke jan ragama, jita da ƙahoni su biyo baya suna amsawa, tamkar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Mai karatu ya saurari "Music for Gong Gong" da ke faifan farko, zai ji yadda ƙahoni ke yin kira, ganguna su mayar da jawabi, kowane mai kayan kiɗa ya sami fagensa ya ja baya, ba tare da wani ya danne wani ba. Haka "The Dawn" ke somawa a hankali kamar ketowar alfijir kafin ta cika ta batse. Dab da ƙarshen Woyaya kuma akwai "Rabiatu", sunan da kunnen Bahaushe ba ya baƙunta.

Wannan zaman tare na mutane bakwai daga ƙasashe biyar ba baƙon abu ba ne ga mutumin Potiskum. Garin da Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Fulani da Hausawa ke haɗuwa a kasuwa ɗaya, kowa da harshensa amma ciniki na tafiya, ya san cewa ana iya jituwa ba tare da an zama abu guda ba. A ganina, nan ne asirin ƙaunar yake. Galibin masu sauraren nan ba su jin harshen Ga ko na Akan, da yawa ma ba su damu da Turancin ba. Kiɗan ne da kansa ya yi musu magana.

Inda Giwar Ta Sauka

Sai dai adalci ya wajaba. Daga tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ta karkata ga abin da kasuwa ke so. "Sunshine Day" da "Dance the Body Music" sun samu karɓuwa a Ingila a 1976, kuma su ne da yawa suka fi tunawa. Amma in an ajiye su kusa da faifai biyun farko, za a ga an taƙaita gangunan, an daidaita takin don ɗakin rawa, muhawarar kayan kiɗa ta koma maimaita amshi. Yawan sauya makaɗa shi ma ya rage danƙon da ke tsakaninsu. Haka nan kalmomin waƙoƙinsu ba su da nauyi. Wanda ya saba da zubin Mamman Shata ko hikimar Ɗan Maraya Jos ba zai sami abin taunawa sosai a baitocin Osibisa ba. Saboda haka mai cewa duk abin da suka kaɗa zinariya ne, kewa ce ke magana da bakinsa. Abin da ya cancanci ƙauna mai ɗorewa shi ne aikin farkon shekarun 1970.

Darasi Ga Kiɗan Hausa

Bahaushe ya ɗauki kiɗa a matsayin dokin da waƙa ke hawa. Kalangu da kotso da kuntigi duk masu hidima ne ga muryar mawaƙi, shi ya sa ake sanin sunan Shata amma ba a cika tambayar sunayen makaɗansa ba. An yi yunƙurin kafa ƙungiya irin ta zamani mai waƙa da Hausa. Marigayi Bala Miller, ɗan Zariya, ya jagoranci Great Music Pirameeds of Afrika, har ya riƙa gabatar da shiri a talabijin na ƙasa a shekarun 1980, amma bayan rasuwarsa a 2003 ba a ga magajin da ya riƙe wannan tuta a Arewa ba. Da finafinan Hausa suka bunƙasa daga shekarun 1990, sai fiyano mai kwaikwayon kowane sauti ta mamaye situdiyo. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin mutum bakwai. An sami sauƙi da arha, amma an rasa hirar nan da ke faruwa in makaɗa suna kallon juna suna saurare. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar Tal National, wadda Hausa na cikin harsunan waƙoƙinta, ta nuna da faifanta Kaani na 2013 cewa jita da kalangu na iya zama inuwa ɗaya.

Kammalawa

Mac Tontoh ya rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei kuma a watan Janairun 2025. Masu ƙaunarsu a nan su ma shekaru sun ja. In ƙaunar ta tsaya ga tuna baya, za ta bi masu ita kabari. Hanyar da za ta rayu ita ce ɗalibanmu masu sha'awar kiɗa su saurari faifai biyun nan da kunnen nazari, su tambayi kansu me zai hana kalangu da goge da algaita su zauna da jita a matsayin abokan hira. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.