Farar ƙasa ta zama kayan maƙulashe

Ba na cikin masu yi wa iyayenmu dariya don sun ba mai laulayi farar ƙasa. Macen da ko ƙamshin miya ke tayar mata da zuciya, yawu ya cika mata baki, in ta gutsiri ɗan kaɗan ta tsotsa takan ji sauƙi. Yumɓu yana lulluɓe bangon ciki, shi ya sa. Smecta ma, maganin gudawar nan da ake sayarwa a kantunan magani na Nijar, da yumɓu aka yi shi. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Ibo na da nzu, a Gana ayilo, a Kamaru kalaba.

Abin da ya dame ni shi ne inda aka kai ta yanzu. Da can gutsure ne, na watannin farkon ciki, sai a bari. Yau ga ta a leda mai sheƙi, an turara ta da hayaƙi don ƙamshi, ana tallarta a TikTok. Yarinya ta kafa waya a gabanta tana gurgura ƙurus-ƙurus, ba ciki ba laulayi, masu kallo suna tambayar nawa ne har da kuɗin aikowa. Ba mai tambayar ramin da aka haƙo ta.

Ramin kuwa shi ne maganar. A 2009 hukumomin lafiya a Amurka sun gargaɗi masu ciki kan nzu saboda gubar dalma da aka samu a ciki. A 2019 Faransa ta ce a daina ba yara 'yan ƙasa da shekara 2 Smecta ɗin ma saboda dalmar, duk da tacewar da ake masa. Mu da dalma ta kashe mana ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ai ba ma buƙatar dogon bayani.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: kwaɗayin ƙasa kansa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, yumɓun kuma yana riƙe sinadarin ƙarfe a hanji ya hana shi shiga jiki. Ana ci jini na raguwa, kwaɗayi na ƙaruwa. Bar maganar taurin bayan gida da tsutsar ciki.

'Yar'uwa, in ranki na biya miki ita kullum, ki faɗa wa malamar awo ba kunya, ki ce a duba jininki.