Maraya a Bakin Karaga: Tarken Shirun Ibn Furtu Kan Ƙuruciyar Mai Idris Alauma

Gabatarwa

Aikin matarki ya haɗa da bin sawun abin da marubuci ya tsallake. Wannan maƙala za ta dubi wani giɓi a littattafai biyu da Imam Ahmad Ibn Furtu, babban limamin Birnin Gazargamu, ya rubuta da Larabci a 1576 da 1578 kan mulkin Mai Idris Alauma na Borno. Labarin na gida ne, domin kogin Yobe da ke ratsa Dagona da Gashuwa shi ne ke gangarawa har kusa da kufan wannan birni.

Abin da Aka Faɗa da Abin da Aka Bari

Ibn Furtu mai zurfin lura ne. Ya kawo yaƙe-yaƙen Idris da Bulala a Kanem, da farmakinsa a ƙasar Kano, da karawarsa da Ngizim, dangin Badawa ta fuskar harshe. Ya ambaci aikin hajjinsa da 'yan bindigar Turkawa da ya samu. Sai dai mai karatu yakan tarar da Idris ya riga ya zama sarki cikakke, tamkar bai taɓa yin ƙuruciya ba.

Jerin sarakunan Borno kuwa ya nuna cewa mahaifinsa, Mai Ali, bai daɗe a kan mulki ba, kuma sarakuna biyu, Dunama da ɗansa Abdullahi, sun shiga tsakaninsa da gadon ubansa. Ina maraya ya zauna a waɗannan shekaru? Wa ya raine shi? A nan adabin baka ya karɓi zance. Wata ruwaya ta ce Magira Aisa Kili Ngirmaramma ce ta riƙe masa sarauta har ya isa, ta kuma gina fadar Gambaru da jan bulo. Wasu na kiran ta uwarsa, wasu kuma 'yar'uwarsa. Wata ruwayar ta ce uwarsa 'yar sarkin Bulala ce, kuma a wurin kawunnansa ya fake.

Dalilin Shirun

A ganin wannan maƙala, shirun liman dabara ce ta marubucin fada. Jigon aikinsa shi ne tabbatar da cewa Idris sarki ne adali wanda Allah ya zaɓa. Labarin yaron da ke rayuwa cikin fargaba zai tono rikicin gidan Saifawa, ya kuma nuna gadon sarauta a hannun mace. Saboda haka ya gina gwarzo, ya bar yaron a waje. Wannan ya ƙara wa littafin kwarjini, amma ya hana shi tausayi, domin ba a ga raunin da aka faro daga gare shi ba.

Akwai darasi a kwatanta wannan da Ingila. A 1483 Sarki Edward na Biyar, ɗan shekara 12, ya ɓace tare da ƙanensa a Hasumiyar Landan bayan rasuwar ubansu. Fiye da shekara ɗari bayan haka Shakespeare ya ɗora laifin a kan baffansu, Richard na Uku, har wasan kwaikwayo ya rinjayi tarihi a zukatan jama'a. A can yaro ya ɓace, adabi ya yanke hukunci. A Borno yaro ya tsira, ƙuruciyarsa ce ta ɓace.

Kammalawa

Marubutanmu na zube da wasan kwaikwayo suna da fili a wannan giɓi. Maraya, da magira, da fadar da ake ƙulle-ƙulle a cikinta sun isa tubalan gina labari. Sharaɗin shi ne a bar ruwayoyin da saɓaninsu, kada a ɗauki ɗaya a naɗa mata rawanin tarihi. Wanda ya rubuta Aisa Kili ya sani cewa a kan tarihihi yake tafiya, kuma ya bar mai karatu ya gane haka.