Larura da Iyakarta: Nazarin Hujjar Masu Mulkin Ta-ɓaci

Shugaban da ya tattara iko a hannunsa da sunan dokar ta-ɓaci yakan fake da ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, wato larura tana halasta abin da aka hana. Sai dai masu kafa wannan hujja sukan tsallake 'yar'uwarta, wadda ta ce ana auna larura ne da gwargwadonta.

A Nijar, Shugaba Tandja Mamadou ya rushe majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu 2009. Da Kotun Tsarin Mulki ta soke shirinsa na ƙuri'ar raba gardama, sai ya ɗauki ikon ta-ɓaci ranar 26 ga Yuni, bayan kwana uku ya rushe kotun. Tazarcen nan ya ƙare da juyin mulkin soja ranar 18 ga Fabrairu 2010. A Tunusiya kuwa, Ƙais Sa'id ya dogara da sashe na 80 na tsarin mulki ranar 25 ga Yuli 2021, ya sallami firaminista, ya dakatar da majalisa na kwana 30. Wa'adin ya cika bai mayar da ita ba, a watan Maris 2022 ya rushe ta ɗungurungum.

Hujjar tana da rauni biyu. Na farko, rashin wa'adi. Malikiyya sun sassauta wa wanda yunwa ta matsa ya ci mushe har ya ƙoshi, ya kuma yi guzuri, amma Risalar Ibnu Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ta Tunusiya, ta shardanta ya jefar da shi da zarar ya wadatu. Na biyu, mai da'awa ba ya zama alƙalin kansa. Tandja ya kawar da kotun da za ta auna larurarsa. Sa'id ya tarar ba a kafa irinta ba, ya kuma rushe majalisar ƙoli ta alƙalai a Fabrairu 2022.

Manomin Gwashi, ko na Anka da Gummi, da 'yan bindiga suka raba da gonarsa yana da uzuri idan ya yi fatan samun shugaba mai ƙarfin hannu. Zamfara ta ɗanɗana matakan larura a Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, kuma talaka ne ya fi jin nauyinsu. Saboda haka wajibin malami, kafin ya ba kowane shugaba aron wannan ƙa'ida, shi ne ya nemi amsar abu uku: wa ya tabbatar da larurar, yaushe za ta ƙare, kuma gaban wa za a kai ƙara idan an ƙetare iyaka. Allah ne Mafi sani.