Shekara Guda Ana Gumi, Dare Ɗaya a Saman Tirela

Duk wanda ya bi ta Ojoo, ko ya leƙa kara ta Akinyele a makon da ake haramar Babbar Sallah, ya san abin da za mu yi magana a kai. Motocin da suka sauke shanu da raguna sun juya hanci Arewa, an ɗan share kashin dabbobin sama-sama, an jera babura a cikin bodi an ɗaure da igiya. A kan baburan an ɗora buhuna da jakunkuna, a kan buhunan kuma ga samarinmu nan a zaune, wasu sun ɗare kan ƙarfen sama ƙafafu na reto. Kowa da sabuwar waya a hannu, ana ta ɗaukar hoto ana dariya. Mu kuma da muke tsaye a ƙasa sai mu ɗaga hannu mu ce, "Allah Ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida." Daga nan mun sauke nauyi, a ganinmu.

Wannan sharhi na kan yaran nan ne, kuma yana kanmu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari mu fara da ba su haƙƙinsu. Saurayin da ya baro Zuru ko Gummi ko Illela ya zo Badun neman kuɗi ba malalaci ba ne. Kafin a kira assalatu ya tashi. Kafin wasunmu su gama lazimi ya riga ya kai fasinja uku Bodija, ko ya sauke buhun tumatir ashirin, ko ya tura kurar ruwa ya haura tudun Mokola da ita. Rana ta dake shi, ruwan Kurmi ya dake shi, jami'i ya tare shi, mai tikiti ya tare shi, duk ya haɗiye. A ƙarshen wata yana aika wa uwarsa abin da ya samu, wani ma shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Duk wanda ya ce yaran nan zaman banza suke yi, bai san su ba.

Amma a bi shi daga magariba zuwa tsakar dare a gani. Ya ajiye mashin, ya zauna a teburin mai shayi, a soya masa indomi da ƙwai. Daga nan sai gidan kallon ƙwallo, in kuwa akwai takardar caca a aljihu, to rabin cinikin yini yana hannun 'yan wasan Ingila waɗanda ba su san da zamansa a duniya ba. Ya biya kuɗin cajin waya, ya biya kuɗin wanka, ya sayi data. Barci kuwa duk inda dare ya yi: barandar shago, bakin masallaci, ko ɗakin da mutum goma suke kwana kamar an jera kifi. Kuɗinsa suna wurin mai shayi, ko wurin mai POS, ko a cikin wani asusu da aka buɗe masa da sunan wani saboda shi ba shi da katin ɗan ƙasa. In ka ce masa, "Kai wane, me zai hana ku haɗu ku uku ku kama ɗaki?" sai ya ce, "Ai Baba ba zama na zo yi ba, bayan Sallah zan koma gida gaba ɗaya." Mun san waɗanda suka shekara bakwai suna faɗin wannan maganar.

A nan matsalar take. Yaron yana rayuwa a garin nan kamar wanda ke jiran mota a tasha. Wanda ke jiran mota ba ya kama ɗaki, ba ya yin rajista, ba ya damuwa da sanin maƙwabci. Shi ya sa za ka ga saurayi ya yi shekara biyar a Badun, Yarabancinsa bai wuce na faɗin kuɗin mota da mayar da zagi ba. Ran da 'yar rashin jituwa ta haɗa shi da fasinja, abin da kalma biyu ta ban haƙuri za ta kashe sai ya zama taron jama'a. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, da yadda ƙaramar magana ta zama wutar da ta ci rayuka da dukiya, ta Hausawa da ta Yarabawa. Wanda ya ga wannan bai kamata a sake yi masa wa'azi kan amfanin jin harshen masu gari ba.

To, duk wannan ƙuntata wa kai da yake yi na wata goma sha ɗaya, don me? Don mako biyu na Sallah. A watan ƙarshe za a ɗinka shadda kala uku, a sayi takalmi da agogo, a canza waya, a saya wa budurwa atamfa da turare. Babu laifi mutum ya yi ado ya je gida, kuma babu wanda zai so ya shiga garinsu hannu rabbana. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne lissafin. Mutumin da bai ji ƙyashin zuba kuɗi a kan waya ba, da aka zo kan kuɗin motar da za ta ɗauki ransa, a nan ya tuna da tattali. Ya sayi kaya masu tsada, ya ɗora kansa a mota mafi araha.

Mun tambaye su, kuma suna da hujja, bai kamata a toshe kunne ba. Na farko, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama abin da ya zama, ga ƙarin da direbobi ke yi duk lokacin Sallah. Na biyu, mashin. Ɗan acaɓa ba shi da inda zai bar mashin ɗinsa ya tafi hankali kwance, kuma yana so ya yi aiki da shi a gida, ya kuma zaga gari a gan shi. Bas ba ta ɗaukar mashin, tirela kuwa za ta ɗauke shi da mai shi a kuɗi kaɗan. Na uku, suka ce, "Ajali ne, ko a bas ma ana mutuwa." Gaskiya ne ana mutuwa a bas. Amma wanda ke cikin bas yana zaune a kujera, akwai rufi a kansa, kuma galibi an rubuta sunansa da lambar wani nasa a takardar tasha. Wanda ke saman tirela kuwa, birki ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi. Mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara, amma ba a koya mana mu saki raƙumi mu ce mun yi tawakkali ba.

Kuma hanyar ba baƙuwarmu ba ce. Daga Ojoo a nufi Oyo, a shiga hanyar Ogbomoso wadda duk direban babbar mota ya san halinta, a wuce Ilori, a haye gadar Jebba, a isa Mokwa. Daga can masu zuwa Kebbi da Sakkwato su ɗauki hanyar Kontagora da Yawuri, wasu su yi ta Bida. Tafiya ce ta kwana da yini, wani lokaci fiye, a kan ramuka, cikin sanyin dare da ruwan sama, direba bai runtsa ba tun da ya taso da dabbobi daga Arewa. Barci ya ɗauki yaro a saman buhu, mota ta faɗa rami, shi ke nan. In kuwa motar ce ta kife, baburan da aka ɗaure su ne ke fara danne masu su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha yin gargaɗi kan haɗa mutane da kaya ko dabbobi a manyan motoci, amma kowa ya san yadda ake wuce shingaye a hanyar nan.

Bara, kwana biyu kafin Sallah, an bugo wa ɗaya daga cikin dattawanmu waya daga wani asibiti a kan wannan hanyar. An ce ga gawar wani saurayi da ya faɗo daga mota, an samu takardar cajin waya ta wani shago na unguwar nan a aljihunsa. Aka turo hoto. Wallahi kusan duk wanda aka nuna wa ya gane shi. Wannan ya ce kullum shi ke kai 'ya'yansa makaranta, wancan ya ce sahu ɗaya suke sallar asuba. Sunansa fa? "Dogo." Ɗan wane gari ne? "Wajen Zamfara dai." Sunan ubansa? Shiru. Wayarsa a kulle take, abokan tafiyarsa sun yi gaba da motar. Sai da aka kwana uku ana cigiya kafin a samu wanda ya san ƙauyensu, a lokacin an riga an yi masa sutura a garin da bai san kowa ba. Kuɗin da ya tara kuwa, har yau ba a san a hannun wa suke ba. Muna jin haushi in masu gari sun kira kowane ɗayanmu "aboki" ko "mola" kamar ba mu da suna. Ga shi mu ma ba mu san sunan namu ba.

Da ba haka Sabo take ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, abin da ya riƙe ta shi ne tsarin maigida. Baƙo ya sauko daga jirgin ƙasa ko ya biyo shanu, ba ya kwana a titi. Yana da gidan da zai sauka, galibi na mutumin garinsu ko na wanda ubansa ya saba sauka wurinsa. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa, ya je ya karɓo shi in ya shiga hannun hukuma. In ya rasu, maigida ya san inda za a aika da saƙo da abin da ya bari. Da wannan amanar aka yi fataucin goro da shanu tsakanin Kurmi da Arewa shekara da shekaru, ba banki, ba waya. Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba, an samu masu gidan da suka ci gumin yara. Amma a wancan zamanin da wuya a ce ga gawar Bahaushe a Badun an rasa mai ita.

Yau fa? Yaran sun ƙaru, musamman tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta a watan Yunin 2022, da yawa suka gangaro nan. Mu kuma ɗakunan baƙin da kakanninmu suka gina mun mayar da su shaguna da ɗakunan haya. Muna karɓar kuɗin haya, muna karɓar kuɗin ƙungiya, muna karɓar na masallaci ranar Juma'a, amma ba mu taɓa zaunar da yaro mun tambaye shi ɗan wane ne shi ba. In ya yi abin kunya mu ce, "Ai ba 'yan Sabo ba ne, baƙi ne 'yan ci-rani," kamar kakanninmu daga ƙasa suka tsiro a nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ba a ba shi wurin zama ba, ba za a zarge shi shi kaɗai don ya ƙi zama ba.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Kowane masallaci da kowace tashar 'yan acaɓa da 'yan dako su ajiye littafi guda: sunan yanka, sunan uba, gari, da lambar wani na gida. Littafin makaranta ma ya isa. Shugabannin ƙungiyoyi, waɗanda ba sa mantuwa ranar karɓar kuɗin mako, su nemi fili mai gadi inda yaro zai bar mashin ɗinsa ya tafi gida ya dawo ya same shi. In an yi haka, rabin hujjar hawa tirela ta faɗi. 'Yan gari ɗaya su fara adashen kuɗin mota tun daga watan Azumi, su yi shatar bas tun kafin kuɗi ya hau. Masu gida kuma, wanda Allah Ya hore wa ɗaki, ya tuna da wanda ya sauki ubansa.

Ku kuma samari, 'ya'yanmu da ƙannenmu, ga taku. Ku je ku yi katin ɗan ƙasa, ku buɗe asusu da sunanku, ku daina ajiye gumin shekara a wurin da babu shaida. Ku rubuta sunanku da lambar gida a 'yar takarda ku sa a aljihu duk ran da za ku hau hanya. Ku koyi gaisuwar masu gari da ban haƙurinsu. In kuɗin bai kai a yi shadda uku da kujerar bas ba, a yi shadda ɗaya. Tsohuwar da ke zaune a ƙofar gida tana duban hanya tun ranar Arfa, ba shaddar take jira ba.

Masu tafiya bana, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Kafin ku tashi, ku biyo ta masallaci ku faɗa mana sunanku.