Gadon da Sam Spade ya bar wa masu shirya fim

Abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya game da finafinan binciken laifi na yanzu. Da zarar darakta ya rage haske, ya saki ruwan sama a titi, ya ba jarumi doguwar kwat da sigari, sai ya ɗauka ya gaji finafinan Amurka na shekarun 1940 da Faransawa suka laƙaba wa suna film noir. Duhun nan ma yana da tushe: daraktoci irin su Fritz Lang da Billy Wilder, waɗanda suka baro Jamus saboda mulkin Hitler, sun taimaka wajen kafa shi a Hollywood. Amma duhu shi ne mafi sauƙin kwaikwayo.

Abin da ya riƙe ni a tsofaffin finafinan nan shi ne mai binciken kansa. A The Maltese Falcon na 1941, Humphrey Bogart ya fito a matsayin Sam Spade, mai bincike mai zaman kansa. An rasa rayuka a kan gunkin shaho, daga bisani aka gano na jabu ne. Spade ya warware komai, kuma sakamakonsa shi ne ya miƙa wa 'yan sanda matar da zuciyarsa ta kamu da ita, don ita ta kashe abokin aikinsa. Ya samo gaskiya, gaskiyar ba ta gyara masa komai ba. Alhali a lokacin dokar tace finafinai ta Hollywood tana tilasta a hukunta mai laifi, amma duk da haka mai kallo ba ya tashi da kwanciyar hankali.

Chinatown na 1974 ne magajin gaskiya, kuma yawancinsa da rana tsaka aka ɗauke shi. Jack Nicholson, a matsayin mai bincike, yana bin sawun badaƙalar ruwa a Los Angeles har ya isa ga attajiri Noah Cross, wanda John Huston ya fito a matsayinsa, wato daraktan The Maltese Falcon ɗin. Attajirin ya sha, mai binciken yana tsaye yana kallo.

Se7en na 1995 ma ya yi wannan ƙarfin hali. Saura da yawa sukan ja mu cikin duhu awa biyu, sannan su tsorata a mintunan ƙarshe su kawo ɗauki. Ni dai ina so a bar mai binciken ya sha kaye idan labarin ya kai shi can.